Inda Ba a Ce wa Baban Hafsa Sannu Ba

Tun da muka dawo wayata ba ta huta ba. Ranar Asabar ma na shiga shagon kayan miya na Gate City neman daddawa, Anti Mariya ta tare ni a gaban firjin kifi ta ce ba zan wuce ba sai na faɗa mata ko da gaske mun yi kusan wata guda a kan ruwa, kuma ko da gaske Baban Hafsa ne a hoton nan da hular hana-sallah yana buga golf. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, mai tambaya ya karanta ya bar ni in sarara.

Ga wanda bai san mu ba, maigidana, Baban Hafsa, direban tirela ne shekara da shekaru, da wuya a samu jihar da bai taka ba a ƙasar nan. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya taƙaita, magana ta dawo, sai dai hannun hagu ya yi nauyi, ƙafar kuma janta yake yi da sandar dogarawa. Jama'ar Greensboro kun yi mana halacci, wannan ba zan taɓa mantawa ba. Falona bai taɓa rabuwa da masu dubiya ba, kuloli har na rasa na wa da na wa. Amma a hankali mutumin ya daina fita. Ya bar zuwa Juma'a. In ya ji an danna ƙararrawa sai ya ce in ce yana barci. Shuɗin allon nan da ake ratayawa a mota don a ajiye ta a wurin naƙasassu, ranar da ya iso ya jefa shi a durowa ya ce duk ranar da ya gan shi a motarsa to a ƙasa zai dawo gida. Likita tana ta cewa ƙafa sai da tafiya. Ni kuwa ba ƙafar ce ke hana ni barci ba. Mutumin da na aura mai surutu da gardama ne, shi nake gani yana dusashewa a kan kujerar falo.

Hafsa, babbar 'yarmu da ke aikin jinya, ita ta haɗa kai da ƙannenta suka yanko mana tikitin wani jirgin ruwa mai zagaya tsibirai. Da farko ya ce ba inda za shi. Sai da ya tambaya ko akwai Bahaushe a jirgin, Hafsa ta ce da wuya, sannan ya ce to. Wannan amsa ta sosa mini rai, amma na yi shiru don kada ya fasa.

Hafsa ce ta tuƙa mu zuwa Florida inda jirgin yake. Hanyar nan ya san ta kamar tafin hannunsa, da can ba ka isa ka wuce gidan mai bai ba ka tarihinsa ba. Ran nan kuwa ya kafa wa taga ido. Ni da Hafsa muka yi ta janyo hira, ni da Hausa ita tana amsawa da Turanci kamar yadda ta saba.

A tashar jirgi aka fara da ni. An hana shiga da tukunyar dafa ruwa mai lantarki, ni kuwa har da dutsen guga na ƙunsa, duka suka karɓe suka ce in na dawo in amsa. Wani ma'aikaci ya ɗauko butar alwala ya juya ta ya sake juyawa, ya tambaye ni ko ta ban ruwan fulawa ce. Na ga bayanin zai yi tsawo, layi kuma ya taru a bayana, na ce masa ita ce. Sai ya buɗe robar yajina ya kai hanci. Atishawar da bawan Allah nan ya jera har abokan aikinsa suka juyo, ya rufe ya miƙo mini yana share hawaye. Ina cikin dariya sai ga wata ta turo keken marasa lafiya gaban Baban Hafsa da murmushinta. Ya zagaye keken ya ci gaba da jan ƙafarsa har muka shiga, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Jirgin nan gari ne guda, bene kan bene, da lif mai hawa da sauka da mutane, da shaguna da asibiti. Ɗakinmu kuwa bai fi sitona na gida ba, sai dai yana da 'yar baranda mai kallon teku. Ranar farko na dawo na tarar da wani abu fari a tsugune a kan gado da idanu biyu. Na yi ta karanto addu'a daga bakin ƙofa, ashe tawul ne mai gyaran ɗaki ya naɗe shi kamar giwa. Kullum da dabbar da zai bar mana. Ni da na cika baki cewa na sha shiga kwalekwale a Yawuri, ni ce jiri ya kwantar, shi kuwa ko gezau. Alƙibla ma ta ba mu aiki. Ka daidaita da waya ka shimfiɗa darduma, kafin ka yi alwala jirgi ya karkata kibiyar ta koma wajen banɗaki. Daga baya muka riƙa duba ta dab da kabbara mu yi sallarmu, sauran mu bar wa Allah.

Abinci kam ba a magana. Ɗakin cin ba ya rufewa, kamar gidan bikin da ba a watsewa. Mu dai kifi da shinkafa da ganye muka riƙe, masu dafawa suna nuna mana abin da ya haɗu da naman alade mu kauce. Abincin da kyau a ido, a baki salam, don haka robar yajina ta zama abokiyar tafiya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Turawan nan da za su kwanta a rana tun hantsi har su yi ja kamar tattasai, mu muna neman inuwa su suna gudunta. Gaisuwarsu kuma 'yar guntuwa ce. Mutum ya ce maka barka da safiya ya wuce, ba ya gida, ba ya yara, ba ya jiki. Da farko na ɗauka rashin tarbiyya ne.

Kwanakin farko Baban Hafsa a baranda ya tare, ya zuba wa ruwa ido. Har na ce masa ashe falo kawai muka canja. Wata safiya na matsa masa muka hau can saman jirgi shan iska. A nan akwai wani wuri da aka shimfiɗa koren kafet da ƙananan ramuka, masu golf suna koyon tura ƙwallo cikin rami. Wani dattijo baƙar fata, siriri, da abin ƙara ji a kunne, ya buga tasa ta gangaro har gaban takalmin Baban Hafsa. Shi kuma ya sa sandar dogarawarsa ya tunkuɗa masa ita, sai ga ta ta tafi sannu a hankali ta faɗa rami. Dattijon ya dube shi sama da ƙasa ya ce sa'a ce kawai, in ya isa ya sake. Ya sake, ta wuce can gefe. Ya kuma sakewa, ta fi ta farko lalacewa. Dattijon ya bushe da dariya ya ce dama ya faɗa. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wannan wane irin tsoho ne da ba ya ganin halin da mutum yake ciki. Sunansa Mista Harold, tsohon ma'aikacin gidan waya ne daga Baltimore. Washegari ina idar da sallar asuba Baban Hafsa ya ce in ɗauko mayafina mu hau sama.

Haka suka riƙa haɗuwa kowace safiya. Da jirgi ya kusa tsibirin Sent Kits, Harold ya ce duk inda aka tsaya akwai motar da ke kwasar masu golf zuwa filin gaske, ya kamata ya zo ya ga yadda ake yi. Muka je teburin rubuta suna. Wata yarinya mai fara'a ta rubuta sunan Baban Hafsa, sannan ta ɗago kai ta tambaye shi mene ne handikap ɗinsa.

Kalmar nan mun san ta. Ita ce ake kiran shuɗin allon da ke durowarmu da ita, ita ce a jikin ƙofofin asibiti. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ɗaga sandar dogarawa ya ɗora mata a kan tebur ya ce, "Ba ki da ido ne?" Ni kuma na karɓe da ɗan Turancina, na wanke yarinyar nan tas, na ce a garinmu ko yaron goye ya san ba a yi wa babba irin wannan tambaya. Idonta ya ciko da hawaye, ta rasa laifin da ta yi. Sai muka ji tari a bayanmu, ashe Harold ne dariya ta sarƙe shi.

Da ya samu numfashi ya yi mana bayani. A golf kowa yana da handikap, lamba ce ba ciwo ba. Ana duba ƙarfin wasan mutum a yafe masa wasu bugu tun kafin a fara, don gwani da ɗan koyo su iya karawa a fili ɗaya. Ya nuna duk waɗanda ke layin ya ce babu wanda ba shi da nasa, har shi kansa. Sannan ya dubi Baban Hafsa ya ce, "Kai sabo ne, za a ba ka mafi yawa. Amma ka sani, sau ɗaya ake bayarwa, a farko. In an shiga fili babu sauran tausayi, kayar da kai zan yi."

Baban Hafsa ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗauke sandarsa daga kan tebur ya ce wa yarinyar ta rubuta mafi yawan. Kunya kam na sha ta. Da yamma na kai mata dabino a leda na ba ta haƙuri, har muka zama ƙawaye.

Sauka tsibiri ba wuya, kati kawai ake nunawa a bakin jirgi. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne a hannun hagu suke tuƙi, duk motar da ta taho sai in ga kamar kanmu za ta hau. Shi kuwa tsohon direba sai ga shi ya matsa gaba yana tambayar mai motar yadda yake shan kwana a kan tudu. Filin golf ɗin a bakin teku yake, birai suna zaune a gefe suna kallon mutane kamar su ne masu wurin. Aka ba mu wata 'yar mota mai kama da a-daidaita-sahu amma ba ta ƙara, ni ce direba.

Wasan nan yana da wata doka da ta fi ƙarfina: in mutum zai buga, kowa shiru. Baban Hafsa da hannun dama yake bugu, na hagun yana ɗan tallafawa. Ya kai duka ya sami iska, na ce sannu. Ya sake ƙwallo ta shige ciyawa, na ce sannu. Harold ya tambayi ma'anar kalmar da nake ta maimaitawa. Na ce masa ita muke faɗa wa mai ciwo, da wanda ya yi tuntuɓe, da wanda ya gaji. Ya ce to in adana ta, a nan ba wanda ya yi tuntuɓe, wasa ne bai iya ba tukuna.

Can gaba ƙwallonsa ta faɗa wani rami mai faɗi da aka cika da yashi. Ya bar sandar dogarawa a mota ya gangara da ta golf. Yana kai bugu ƙafar hagu ta zame, ya tafi ƙasa gaba ɗaya. Ban san lokacin da na diro daga mota ba, ina ta jera sannu. Harold ya ɗaga mini hannu. Ya matsa bakin ramin ya tambaye shi sau ɗaya ko ya ji ciwo. Ya ce a'a. Sai ya ce masa to har yanzu bugunsa ne, kuma akwai mutane a baya suna jira.

Wallahi a lokacin na tsani tsohon nan. Ina tsaye ina kallon mijina yana dafa yashi, ya kafa sandar golf, ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa. Harold yana kusa da shi, na lura hannunsa a shirye yake, amma bai miƙa ba. Da ƙyar Baban Hafsa ya miƙe, yashi har cikin gemu. Ya gyara tsayuwa ya buga, ƙwallon ta fito daga ramin ta ɗan gangara kaɗan. Sai na ji wani sauti da na manta da shi. Dariya yake yi, irin tasa ta da mai girgiza kafaɗa. Na juya baya kamar ina kallon birai don kada su ga idona.

A hanyar komawa Harold ya zauna kusa da ni. Ya ce matarsa ta yi doguwar jinya kafin ta rasu, da ita suka saba wannan tafiya. Ya ce abin da ya fi ƙona mata rai a ƙarshe ba ciwon ba ne, yadda ya koma komai ta faɗa sai ya ce haka ne. Wata rana ta koka masa cewa ga shi tun tana da rai ya daina yi mata musu kamar ta riga ta tafi. Sai na tuna falona cike da masu ƙaunarmu, kowa da sannu a baki, Baban Hafsa ko cewa ya yi rana daga yamma take fitowa sai a ce haka ne Alhaji. Ni ce ma kan gaba.

Daga nan tafiya ta yi daɗi. Ranakun da jirgi ke tsakiyar ruwa suna sama suna tura ƙwallo, ni ina wajen masu saƙa da wasu tsofaffin mata da suka koya mini ɗinkin bargo, na koya musu ɗaurin ɗankwali. A Barbados aka kawo mana abincin garin, ina sa cokali na ce wannan ai tuwon masara ne da kuɓewa, sai dai su a haɗe suke tuƙa su. Matar da ta dafa kuwa sak gwaggona ta Fagge, har tafiyar. Na ci na ƙara, na ba ta yaji ta ɗanɗana ta ce in bar mata.

A Aruba iska ce kamar za ta ɗauke mutum, awaki suna yawo a gefen fili kamar a ƙauyenmu. A nan Baban Hafsa ya fara cin Harold a rami ɗaya, da taimakon bugun da aka yafe masa. Harold ya ce iska ce ta tura ƙwallon. Gardama ta kaure, tsofaffi biyu a tsakiyar rana, har Turancin Baban Hafsa ya ƙare ya koma Hausa yana cewa ƙarya ne. Harold ya kama kalmar, amma harshensa ya kasa, sai ya riƙa nuna shi yana cewa karya, karya. Da na fassara masa cewa macen kare yake kiran mijina, sai da suka zauna a kan ciyawa don dariya. Har muka rabu haka yake faɗarta.

Ranar sauka Harold ya cire hular hana-sallarsa ya kifa wa Baban Hafsa a ka, ita ce kuka gani a hoto. Ni kuma na ba shi sauran yajin. A tasha suka dawo mini da tukunyata da dutsen guga. A hanyar gida Hafsa da ta zo ɗaukarmu ba ta huta ba, tun daga Florida ubanta yake gaya mata ta bar layin manyan motoci, ta cika taka birki, ba haka ake wuce tirela ba. Ta dube ni ta madubi tana murmushi.

Juma'ar farko bayan dawowarmu ina kicin na ji ana jan durowa. Ya fito da babbar riga, shuɗin allon a hannunsa. Da kansa ya rataye shi a madubin mota ya ce in kai shi masallaci.

Muna ajiye mota dab da ƙofa sai ga Malam Issaka, amininsa ɗan zangon Kumasi mai tuƙa tasi. Da can in suka haɗu sai an raba su, daga ƙwallo zuwa siyasa zuwa hanyar da ta fi kusa zuwa Atlanta. Tun da ciwon nan ya zo kuwa Issaka ya koma lallaɓa shi kamar ƙwai. Ya taho da sauri ya riƙe masa ƙofa yana ta sannu, ya jiki, ya ƙarfin jiki. Baban Hafsa ya amsa da sauƙi, sannan ya gyara murya ya ce masa a teku ya ga wani kifi da ya fi masallacin nan girma, ya bi jirginsu har Barbados, kuma shi da kansa ya buga masa ƙwallo a baki. Issaka ya ce haka ne Alhaji, Allah mai iko.

Baban Hafsa ya tsaya ya dogara da sandarsa. "Issaka, ƙafata ce ta shanye ba kaina ba. Ƙarya na shirga maka yanzu, kuma ka sani." Ya nuna allon da ke lilo a mota. "Ga rangwamena can, an ba ni wuri kusa da ƙofa. Ya ishe ni. Kada ka ƙara mini wani."

Issaka ya dubi allon, ya dubi abokinsa. Sai ya ja hanci ya ce, "To tun da haka ne, Alhaji, hoton nan da aka turo, ko riƙon sandar ba ka iya ba. Kamar mai shirin kashe maciji."

"Kai da ko filin ba ka taɓa gani ba?"

"Ina kai fasinja can kullum."

"Bakin ƙofa kake tsayawa."

Haka suka nufi ƙofar maza, ɗaya yana jan ƙafa ɗaya yana rage sauri ba tare da ya nuna ba, murya tana tashi har wani ya leƙo ya ce ana huɗuba. Ni kuwa na koma cikin mota na rufe ƙofa na yi kukana mai isata, na gode wa Allah, na yi wa yaran nan addu'a, na yi wa wani tsoho a Baltimore fatan alheri.

To Anti Mariya, ga labarin. Tekun da kyau, tuwon Barbados da daɗi, jirin kuma ba na yi wa kowa fatansa. Ku ci gaba da zuwa gidanmu, ƙofa a buɗe take, kuma yanzu ba ya barcin ƙarya. Ku yi masa sannu sau ɗaya a bakin ƙofa. In kun zauna ya fara ba ku labarin kifin nan, don Allah ku ƙaryata shi.